Ƙwayar maleriya ba ta da ƙwaƙwalwa, to wa ke gaya mata lokacin fita ya yi?

Ɗalibar_Bayokem:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun lakcar makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai warware mini. Malaminmu ya ce ƙwayar Plasmodium falciparum, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, tana shiga jar ƙwayar jini ta yi wajen awa 48 tana hayayyafa, sannan 'ya'yan su fasa su fito. Ya ce abin da ke ba su umarnin fita shi ne kalsiyam da ke tashi a cikinsu farat ɗaya. Tambayata biyu ce. Ta farko, halitta ce mai ƙwaya ɗaya tal, ba ƙwaƙwalwa ba jijiya, ta ina kalsiyam ɗin ke fitowa, kuma wa ke buɗe masa ƙofa? Ta biyu, idan har rayuwarta ta rataya a kan ƙofofin kalsiyam, me ya hana a ba mai zazzaɓi amlodipine ko nifedipine, tunda aikinsu ke nan, toshe irin waɗannan ƙofofi? Ni a ganina da an huta.

Baba_Famasi:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin masana su iso, bari in fara toshe wata ɓaraka. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗauki maganin hawan jinin mahaifiyarsa ya ce zai kashe zazzaɓi da shi. Amlodipine aikinsa a kan wata ƙofa ce ta musamman da ke tsokar jijiyoyin jini, wadda ake kira nau'in L. Idan ya toshe ta sai jijiya ta saki, jini ya sauka. Mai zazzaɓi mai tsanani da ma jininsa na iya faɗuwa, ga amai ga ƙarancin ruwa a jiki. Ka ƙara masa wannan, an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Gwanki_77:
Ku yi haƙuri da ni, kalsiyam ba shi ne na ƙashi da haƙori ba? Abin da ba shi da ƙashi me zai yi da shi?

MaiMadubi:
@Gwanki_77 tambayarka ba ta banza ba ce. Kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jikin mutum yana ƙashi da haƙori ne. Ɗan ragowar nan shi ake aika saƙo da shi. Ga yadda abin yake: a cikin ruwan ƙwayar halitta idan tana hutawa, kalsiyam bai wuce nanomola 100 ba. A waje, cikin ruwan jini, ya haura milimola 1. Wato na waje ya ninka na ciki sau dubu goma ko fiye. Ƙwayar tana kashe ƙarfi dare da rana tana kwashe shi da famfo, wani ta tura waje, wani ta zuba a rumbunanta na ciki. Kamar madatsar ruwa ce da aka cika maƙil. Ranar da take son yin wani abu cikin gaggawa ba sai ta ƙera komai ba, 'yar ƙofa kawai za ta buɗe, ya kwararo, furotin-furotin da ke jiransa su kama shi su sauya siffa, aiki ya tashi.
Kuma da kuskure aka gano muhimmancinsa. A 1883 Sydney Ringer a Landan yana gwaji da zuciyar kwaɗo, sai ya tarar mataimakinsa da ruwan famfo yake haɗa ruwan gishirin maimakon tataccen ruwa. Da aka koma tataccen, zuciya ta daina bugawa yadda ya kamata. Ashe kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfon ne ke riƙe da ita.

'Yar_Lab:
Ni na gani da idona, kuma har yau ban manta ba. A wani horo da na je aka nuna mana Toxoplasma gondii, 'yar uwar Plasmodium ce, ita ce wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba. An sa mata furotin ɗin nan GCaMP mai haske kore idan ya haɗu da kalsiyam. Suna kwance su takwas a cikin ƙwayar da suka kama, sun jeru kamar fure, dishi-dishi, ba motsi. Aka ɗiga A23187, wani sinadari da ke ɗaukar kalsiyam ya tsallaka da shi tantani. Ban gama gyara zama ba sai na ga ɗaya ta yi wal, sai ta kusa da ita, sai duk suka kama. Suka fara murɗawa kamar ana juya kusa, kafin minti biyu sun ɓarke gidan sun watse. Wata tana tafiya haskenta na tashi yana sauka, idan ya dushe ta tsaya, idan ya tashi ta ci gaba. Wanda ke kusa da ni cewa ya yi a sake masa daga farko.

MaiMadubi:
Madalla. Abin da ya faru a wannan lokacin shi ne, a goshin ƙwayar akwai wasu 'yan jakunkuna da ake kira maikuronim, cike da furotin masu danƙo da masu huda tantani. Kalsiyam na tashi sai su zazzage kayansu waje, injin tafiyarta kuma ya kunnu. Da wannan take fita, da shi take jan ciki, da shi take shiga sabuwar ƙwaya.

Sarkin_Shakka:
Duk kun iya labari, amma ba wanda ya amsa wa yarinyar nan tambayarta. Ta ce wace ƙofa ce. A23187 ai ku kuka ɗiga shi, ba a cikin jinin mutum yake ba. Idan ba ku a wurin, wa ke buɗewa? Ku faɗi sunan ƙofar.

Dakta_Sauro:
Sarkin_Shakka ka taɓa inda ke yi wa masu wannan fanni ƙaiƙayi. Bari in jero abin da aka tabbatar a Plasmodium. Idan lokacin fita ya yi, wani ɗan saƙo mai suna cGMP yana taruwa, ya tada wani furotin da ake kira PKG. Idan ka toshe PKG da magani, kalsiyam ba ya tashi, 'ya'yan su cika su yi dam a cikin jar ƙwayar su kasa fita. Ka wanke maganin, cikin mintoci su fashe. Masu lab har amfani suke da wannan dabara don su samu ƙwayoyi masu shekara ɗaya, in ce masu minti ɗaya. Bayan PKG sai a samu IP3, wanda a jikinmu shi ne mabuɗin rumbun ER, babban ma'ajin kalsiyam na cikin ƙwaya. A Plasmodium ma an nuna IP3 na sa kalsiyam ya fito.
To a nan gizo ke saƙar. A jikin mutum an san ƙofar da IP3 ke buɗewa, an san siffarta ciki da bai. A 2002 aka fitar da cikakken kundin gadon Plasmodium falciparum, ƙwayoyin gado sama da 5,000. Aka bi su ana neman mai kama da wannan ƙofa, babu. Aka duba Toxoplasma, babu. Ga mabuɗi a hannu, ana jin ƙarar buɗewa, ana ganin jama'a na fitowa, amma ƙyauren ya ƙi ganuwa. A 2021 ƙungiyar Mathieu Brochet a Jeniba ta bayyana wani furotin na Plasmodium mai suna ICM1, yana manne da PKG, yana ratsa tantani sau da yawa kamar yadda ƙofofi ke yi, kuma idan babu shi kalsiyam ba ya tashi. Shi ake zargi, amma zargi daban, kama ɓarawo da kaya a hannu daban.

Ɗalibar_Bayokem:
Ikon Allah. Dakta, ke nan kalsiyam ɗin daga cikinta yake fitowa, ba daga jinin mutum ba?

Dakta_Sauro:
Tashin farko daga rumbunta ne, ƙanwata. Amma rumbu sai an cika shi, kuma ki tuna inda take zaune. Jar ƙwayar jini ita ma famfonta na korar kalsiyam waje ba ji ba gani, don haka baƙuwar tana zaune ne a gidan da babu abin da take nema. A Toxoplasma an fi samun haske: ƙungiyar Silvia Moreno a Jami'ar Jojiya ta Amurka ta nuna cewa idan ƙwayar ta fito fili tana shigo da kalsiyam daga waje ta ƙara a kan na ciki, kuma a 2021 suka bayyana wata ƙofa daga dangin ƙofofin da ake ce wa TRP, suka kira ta TgTRPPL-2.

Malam_Tsando:
Kuna ta maganar Plasmodium kamar ita kaɗai ce mai ƙwaya ɗaya. Ku zo wajenmu ku ga ƙofar da kuka rasa. Trypanosoma brucei, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, tana da ƙofar IP3, an nuna ta a 2013. Abin mamakin shi ne ba a jikin ER take ba kamar tamu. Tana jikin wata 'yar jaka mai tsami da ake kira asidokalsisom, cike da kalsiyam da dogayen sarƙoƙin fosfet. Vercesi da Moreno da Roberto Docampo ne suka fara bayyana wannan jaka a 1994, a cikin wannan ƙwayar. Daga baya aka ga dangin jakar a halittu iri-iri, har a ƙwayoyin da ke daskarar da jinin mutum.
Wani bashin ma da likitancin mutum bai cika ambata ba: an shafe shekaru kusan hamsin an san maitokondiriya, injin samar da ƙarfi na cikin ƙwayar halitta, na shan kalsiyam, ba a san ta wace ƙofa ba. Docampo da Vercesi sun nuna tun 1989 cewa ta Trypanosoma cruzi na sha, an kuma san ta yis ɗin burodi ba ta sha. Sai masu bincike suka ce to a nemo ƙwayar gadon da ke jikin mutum, take jikin Trypanosoma, amma babu ita a yis. Da wannan rairaya aka kai ga MICU1, furotin mai gadin ƙofar, a 2010, sannan ita kanta ƙofar MCU a 2011.

Gwanki_77:
Ashe ƙudan tsando ma ya yi wa duniya rana.

Uwar_Muzuru:
Gyara kaɗan, cruzi da Malam ya ambata ba tsando ke yaɗa ta ba. Ita ta Latin Amurka ce, ciwon Chagas, wani ƙwaro mai shan jini da dare ke kawo ta, kuma ta kashinsa take shiga ba ta cizon kansa ba. Ita dabararta ta fi ban tsoro. Tana sa kalsiyam ya tashi a cikin ƙwayar mutum, ƙwayar ta ɗauka an yi mata rauni ne, ta turo jakunkunanta na narkar da shara, wato laisosom, don ta yi faci, ita kuma ta bi ta nan ta shige. Norma Andrews ta yi suna a kan wannan aikin tun shekarun 1990.

Malam_Tsando:
Haka ne Hajiya, na haɗa su ne don 'yan gida ɗaya ne.

Baba_Famasi:
Na koma na yi tunani, kada in zalunci yarinyar nan. Tunaninta ba daga sama ya faɗo ba. A 1987 Martin da Oduola da Milhous sun wallafa a mujallar Science cewa verapamil, wanda shi ma mai toshe ƙofar kalsiyam ne, yana sa ƙwayar maleriyar da ta gagari chloroquine ta koma jin maganin. Mu da muka yi karatu a wancan zamani an yi ta murna da wannan labari.

Ɗalibar_Bayokem:
Yauwa Baba! Kun gani ko? Ashe ban yi shirme ba.

Dakta_Sauro:
Ba ki yi shirme ba, amma kada ki yi saurin guɗa. Verapamil ya yi wannan aiki, sai dai ba ta hanyar kalsiyam ba. Chloroquine yana taruwa ne a cikin tumbin ƙwayar, inda take narkar da himogulobin, jan furotin ɗin da ke cikin jar ƙwayar jini. Wadda ta gagari magani tana da wani furotin a bangon tumbin, PfCRT, da ya ɗan sauya yana fitar da maganin waje. A 2000 David Fidock da Thomas Wellems da abokan aikinsu suka gano shi, har da ainihin wurin sauyin, K76T. Verapamil wannan mafitar yake tsayawa ya tokare. Kuma yawan da ake bukata don ya yi haka a jikin mutum ya isa ya rikita bugun zuciya, shi ya sa abin ya tsaya a kwalbar gwaji. Sunan magani ba ya nufin aiki ɗaya kawai ya iya.

Kurman_Dutse:
Amma ai akwai maganin da ke kashe ƙwayar cuta ta ƙofar kalsiyam. Praziquantel na tsargiya fa? Na karanta cewa wata ƙofa yake buɗewa, kalsiyam ya cika tsutsar ta sandare.

MaiMadubi:
Gaskiya ne, an gano ƙofar a 2019, dangin TRP ce. Amma tsutsar tsargiya dabba ce sosai, tana da tsoka da jijiya, ana ganinta da ido. Ƙofofinta sun fi kusa da namu. Mu muna maganar masu ƙwaya ɗaya ne, waɗanda suka raba hanya da kakanninmu fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce. Shi ya sa idan ka ɗauki hoton ƙofar mutum ka shiga kundin gadonsu kana cigiya, za ka iya wuce ta a tsaye ba ka gane ta ba.

Sarkin_Shakka:
To ai ni abin da ke damuna ke nan. Rabin abin da ake faɗa a wannan fanni an gina shi ne a kan magungunan da aka ƙera don ƙwayar ɓera da ta mutum. A ɗiga wa Plasmodium, a ga wani abu ya motsa, a ce lallai tana da ƙofa kaza. Wa ya ce abin da maganin ya taɓa a ɓera shi ya taɓa a nan?

Dakta_Sauro:
A wannan kam ina bayanka, kuma tarihi ya ba ka gaskiya har sau biyu. A 2003 ƙungiyar Sanjeev Krishna a Landan ta ce maganin maleriyar nan artemisinin yana kashe ƙwayar ne ta hanyar toshe PfATP6, famfon da ke cika rumbun ER da kalsiyam. Magana ta yi daɗin ji, ta shiga littattafai. Da ƙwayar ta fara jure artemisinin a Kambodiya aka bi sawu, sai a 2014 aka tarar sauyin yana wani wuri dabam, furotin Kelch13. Yau abin da aka fi yarda da shi shi ne, sinadarin him da ke fitowa daga himogulobin ne ke kunna maganin, shi kuma ya bi furotin barkatai yana lalatawa.
Na biyun ya fi ban dariya. PfATP4 an yi shekaru ana kiransa famfon kalsiyam saboda kamanninsa. Sai a 2013 Natalie Spillman da Kiaran Kirk a Ostireliya suka nuna ashe sodiyam yake fitarwa. Kuma shi ne ya zama abin harin sabon magani, cipargamin. Ka toshe shi, sodiyam ya taru a cikin ƙwayar, ruwa ya bi shi, ta kumbura. @Ɗalibar_Bayokem kin ga tunaninki na a kashe ta ta hanyar gishirin jikinta yana nan da rai, sai dai ba ta ƙofar da kika nuna ba.

'Yar_Lab:
Sarkin_Shakka a yi musu adalci dai. Hanyar da ake tabbatar da ƙofa kai tsaye ita ce a manna bakin siririn gilashi a tantani a auna wutar da ke ratsawa, dabarar da ta ba Neher da Sakmann kyautar Nobel a 1991. Je ka gwada a kan abin da tsawonsa bai kai maikuromita 2 ba, wanda kuma yawancin rayuwarsa yana cikin jaka, jakar tana cikin wata ƙwaya. Tantani uku za ka ratsa kafin ka isa cikinsa. Ba lalaci ne ya sa suke ɗiga magani ba.

Sarkin_Shakka:
Ban ce lalaci ba ne. Na ce a riƙa rage murya wajen sanarwa.

Ɗan_Kwari:
Tun ɗazu nake jira a zo wajen sauro, don a can ne abin ya fi kyan kallo. A cikin jinin mai zazzaɓi akwai wasu ƙwayoyin da ba sa hayayyafa, maza da mata, suna yawo kwana da kwanaki kamar masu barci. Sauro na zuƙe su sai abu biyu su faru: zafi ya sauka da kamar digiri 5, sannan su haɗu da wani sinadari na cikin sauro, asid ɗin zanturenik, wanda Oliver Billker da abokansa suka gano a 1998. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan kalsiyam ya tashi. Namijin ya kwafi kundin gadonsa sau uku a jere cikin kamar minti 8, ya ƙera wutsiyoyi takwas, kafin minti 15 sun ɓalle suna bulala suna neman mace. Wannan bulalar ce Laveran, likitan Faransa da ya fara gano ƙwayar maleriya, ya gani a jinin wani soja a Aljeriya a 1880, ita ta tabbatar masa cewa abu mai rai yake kallo. A 2004 Billker ya cire wani furotin guda, CDPK4, daga ƙwayar maleriyar ɓeraye. Kalsiyam ya tashi yadda ya saba, amma babu mai karɓar saƙon. Namiji bai yi wutsiya ba, sauro bai ɗauki cuta ba.
To ga amsar wa ke gaya mata, aƙalla a wannan mataki: sanyi da ruwan cikin sauro.

'Yar_Lab:
Wannan ya tuna mini da wata kunya da na sha. Ina sabuwa a wani lab aka ce in shirya jini don a ga wannan bulalar. Na ɗebo a kwalba mai murfi shuɗi-ja ɗin nan da muka saba ɗibar jinin ƙirga, na ɗiga a gilashi, na zauna ina leƙe har idona ya yi ja. Shiru. Na sake, shiru. Shugabar sashen ta zo ta ɗaga kwalbar ta kalle ni ta ce, ke EDTA aikinsa me? A nan na tuna cewa kama kalsiyam yake yi, da haka yake hana jini daskarewa. Ta miƙo mini mai koren murfi ta hefarin, wanda ke hana daskarewa ba tare da kama kalsiyam ba, ba ta ƙara cewa komai ba. Tun ranar ban sake rikita su ba.

Gwanki_77:
Anti ai gara ke, kin san abin da kike nema. Ni da zan leƙa ko suna rawa ba zan gane ba.

MaiMadubi:
CDPK da Ɗan_Kwari ya ambata shi ne inda ni nake ganin amsar tambaya ta biyu take. Irin waɗannan furotin, masu kama kalsiyam da kansu su kuma kunna wasu, ana samunsu a tsirrai da waɗannan ƙwayoyi, amma babu su a jikin mutum. A 2010 aka nuna biyu: CDPK1 na Toxoplasma, aikin Sebastian Lourido da David Sibley, idan babu shi maikuronim ba sa zazzagewa, da CDPK5 na falciparum, aikin Jeffrey Dvorin, idan babu shi 'ya'yan sun nuna sarai amma suna kulle. Da aka fasa musu gidan da hannu sai suka shiga sabbin ƙwayoyin jini lafiya lau, wato fitar kawai suka kasa. Sannan CDPK1 yana da wani ɗan lungu a bakin aljihunsa, saboda ƙaramin amino asid gilaisin ne ke gadin wurin, inda namu ke da manya. Sai aka ƙera magunguna masu ƙusumbi da ke shiga wannan lungu, namu kuma ba sa karɓarsu. Maimakon neman ƙofar da ta ɓuya, a toshe kunnen mai sauraro.

Uwar_Muzuru:
Kafin wani ya karanta rabi ya je ya kori kyanwarsa: wanke hannu bayan kwashe kashinta da dafa nama sosai su ne maganar, musamman ga mai juna biyu. Ku ci gaba.

Kurman_Dutse:
Ni wani abu na karanta, cewa fotasiyam ne ke gaya mata ta fito waje. A cikin ƙwaya yana da yawa, a ruwan jini kaɗan ne, to da ta ji ya ragu sai ta san ta fita.

Dakta_Sauro:
A Toxoplasma an nuna haka tun 2001, raguwar fotasiyam a ƙwayar da ta kama na sa ta ficewa, kamar mai haya da ya ji gini na tsagewa. A Plasmodium rigima ce. Ƙungiyar Chetan Chitnis a Indiya ta ce a 2010 ƙarancin fotasiyam na tada kalsiyam a 'ya'yan da suka fito. Ƙungiyar Sanjay Desai a Amurka ta yi renon ƙwayar a ruwa mai yawan fotasiyam, a 2013 ta ce tana fita tana shiga abinta. Shi Desai ɗin da ma ya saba da rigima. Tun 2000 yake cewa ƙwayar na dasa ƙofarta ta kanta a bangon jar ƙwayar jini don shigo da abinci, ya sa mata suna PSAC, wasu a Turai suka ce a'a, tsohuwar ƙofar mai gida ce ta farkar. A 2011 ya danganta ta da ƙwayar gadon clag3 ta Plasmodium, wanda ya ƙara wa maganarsa nauyi sosai.

Sarkin_Shakka:
Kun ga abin da nake faɗa. Lab biyu, amsa biyu.

Ɗalibar_Bayokem:
Na gode ƙwarai, na cika shafi huɗu. Na janye maganar amlodipine, Baba ya kwantar da hankalinsa. Amma har yanzu tambayata ta farko tana nan da saura. A cikin sauro na gane, sanyi da sinadari. A cikin jini fa? Dakta ya ce cGMP ke tada PKG, PKG ya tada kalsiyam. To wa ya tada cGMP a daidai awa 48, ba 30 ba, ba 60 ba? Kuma me ya sa miliyoyinsu ke fashewa tare har zazzaɓi ya riƙa zuwa da lokacinsa?

Ɗan_Kwari:
A 2000 ƙungiyar Célia Garcia a Sawo Fawulo ta Birazil ta ce melatonin ɗin mutum, sinadarin da ke tashi da dare, yana tada kalsiyam a cikin ƙwayar ya daidaita mata lokaci. Sai a 2020 aka fitar da ayyuka biyu a Science da ke nuna tana da agogonta na kanta, ko an raba ta da dare da ranar mai gida tana riƙe da zagayenta. Mai yiwuwa duka biyun ne, agogo nata, saiti na mai gida. Kuma ki lura falciparum ba ta cika bin ƙa'idar kwana biyun nan ba, musamman a farkon ciwo. A sauran nau'o'in Plasmodium, vivax ta fi ta tsari, malariae kuma awa 72 take yi.

Sarkin_Shakka:
Mai yiwuwa. Kalmar da ta fi kowace yawa a fannin nan.

Baba_Famasi:
Kai dai Sarki ba a iya maka. 'Yata, idan kin koma aji ki tambayi malamin naku sunan ƙofar da IP3 ke buɗewa a Plasmodium, ki dawo ki gaya mana abin da ya ce.

Ɗalibar_Bayokem:
Baba so kake a kore ni daga ajin ke nan. Jibi muke da shi, zan gwada. Anti 'Yar_Lab, don Allah in akwai bidiyon koren hasken nan a wajenki ki turo mini, ina so in ga ko daga goshi yake farawa ko daga baya.